Haƙƙin Aboki Bayan Rasuwarsa: Darasi a Kan Doguwar Tafiyar Jana'iza Zuwa Diffa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa, Wanda komawar kowane mai rai take gare Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda da Maulana Shehu Ahmadu Tijjani (R.A) da halifofinsa da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa.

Bayan haka, wannan darasi ne a kan wata mas'ala da take yawan faɗo wa 'yan'uwa waɗanda neman ilimi ko aiki ko fatauci ya nisanta su da ƙasar Manga. Ɗan'uwa yana zaune a Yamai ko Maraɗi ko Kano, sai waya ta shigo da asuba cewa abokinsa, wanda suka yi karatun allo tare ko suka daɗe suna zama sahu ɗaya a wazifa, ya rasu a Diffa ko a wani ƙauye na bakin kogin Komadugu. Ya san ko da ya tashi a wannan sa'a, kafin ya isa an riga an binne. To, ya tafi ko ya zauna? Idan ya tafi, me ya rage masa na lada da na aiki? Idan hanya ta gagara, yaya zai sauke haƙƙin abota?

Nisan hanya da gaggawar binnewa

Ya kamata a fara da sanin hanyar, domin hukunci yana bin halin da ake ciki. Daga Yamai zuwa Diffa kimanin kilomita 1,360 ne a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Matafiyi zai ratsa Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi da Tasawa kafin ya kai Damagaram. Daga Damagaram kuma akwai sauran fiye da kilomita 450, ta Gure da Gudumariya da Maine-Sorowa, sannan Diffa. Mai shiga motar haya daga Yamai galibi sai ya kwana a hanya, ya wayi gari ya ci gaba. Idan kuwa mamacin a Gaskeru yake ko Tumur ko Bosso, isa Diffa bai ƙare tafiyar ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, shari'a ta yi umarni da gaggauta jana'iza. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A) cewa Manzon Allah (S.A.W) ya hori a yi sauri da gawa, ya kuma bayyana dalili: idan mutumin kirki ne ana hanzarta shi ne zuwa alherin da yake jiransa, idan akasin haka ne ana sauke nauyi ne daga wuyan jama'a. A ƙasa irin Diffa, inda zafin watannin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40, hikimar wannan umarni a fili take. Wanda ya rasu da dare ana sallatarsa da hantsi, wanda ya rasu da hantsi da wuya ya kai la'asar ba a kai shi makwancinsa ba.

Saboda haka ladabi na farko da ke kan aboki na nesa shi ne kada ya nemi a jira shi. Kalmar "ku dakata, ga ni nan tafe" tana fitowa ne daga ƙauna, amma tana jefa iyalan mamaci cikin tsaka mai wuya: ko su saɓa wa sunna, ko su ɓata wa babban aboki rai. Gaskiya ne an ruwaito a Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas (R.A), da ɗansa ya rasu, ya sa aka duba ko mutanen da suka taru sun kai arba'in kafin a fito da gawar, saboda falalar da ya ji daga Annabi (S.A.W) game da ceton masu salla arba'in. Malamai sun fahimci halaccin ɗan jinkiri kaɗan don jama'ar gari su taru, matuƙar ba a ji tsoron canzawar gawa ba. Wannan jinkirin sa'a ɗaya ne ko biyu. Bai zama hujjar ajiye mamaci kwana biyu don mai tahowa daga Yamai ba. Abin da ya dace da ɗan'uwa shi ne ya riga su faɗa: "Ku yi masa sutura a kan lokaci, zan same ku a wajen gaisuwa."

Ɗauko gawa zuwa gida

Akwai kuma akasin wannan sura, wato ɗan Diffa ya rasu a asibiti a Yamai ko Damagaram ko Kano, abokai su ce sai an mai da shi gida. A mazhabar Malikiyya ɗaukar gawa daga gari zuwa gari ya halatta da sharuɗɗa: kada gawar ta lalace a hanya, kada a keta mata alfarma, kuma ya zama akwai maslaha, kamar binne shi kusa da danginsa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu (R.A) sun rasu a Aƙiƙ, aka ɗauko su zuwa Madina aka binne su a can. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa Nana A'isha (R.A) ta ziyarci ƙabarin ɗan'uwanta Abdurrahman a Makka, wanda aka ɗauko daga wajen gari, ta nuna cewa da tana nan da an binne shi inda ya cika. Ruwayoyin biyu suna nuna abin yana da faɗi, amma ba shi ne asali ba.

Mutanen wannan zamani sun ga misalai. Maulana Shehu Ibrahim Inyass (R.A) ya yi wafati a Landan a watan Yuli 1975, aka kai shi Kaulaha aka binne shi a Madinarsa. Tsohon shugaban ƙasar Nijar Tandja Mamadou ya rasu a Yamai ranar 24 ga Nuwamba 2020, aka kai gawarsa mahaifarsa Maine-Sorowa a jihar Diffa. Sai dai waɗannan sun samu abin da talaka ba ya samu na sufuri da kulawa. Mai ƙaramin ƙarfi da zai ɗora gawa a bayan mota ya yi yini da kwana cikin zafi, yana tsayawa a shingayen bincike, sau da yawa sharaɗin farko ma ba ya cika masa. Kuɗin da za a zuba a wannan ɗauka kuma wataƙila ya ciyar da marayu watanni. Ƙasar Allah ɗaya ce, kuma addu'a ba ta ɓata hanya don ƙabari yana nesa.

Wanda ya iso bayan an binne

Sallar jana'iza farilla ce ta kifaya: idan wasu sun yi, nauyi ya sauka daga kan saura. Ladan halartarta babba ne. Ya inganta cewa wanda ya sallaci gawa yana da ƙiraɗi ɗaya, wanda ya raka har aka binne yana da biyu, kuma an kwatanta girman ƙiraɗi da dutsen Uhudu. Da wannan labari ya isa ga Abdullahi ɗan Umar (R.A) sai da ya yi baƙin cikin yawan ƙiraɗan da suka wuce shi. Wanda yake cikin gari, ko yake nisan da zai iya riskar salla, bai kamata ya yi sakaci da wannan ba.

Amma wanda ya iso washegari fa? Mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne ba a maimaita salla ga wanda jama'a ta riga ta sallata, ba a kuma yin ta a kan ƙabarinsa. Haka nan ba a yin sallar ga'ibi, wato sallatar mamacin da gawarsa take wani gari. Sallar da Annabi (S.A.W) ya yi wa Najjashi sarkin Habasha a shekara ta 9 bayan hijira, malaman Malikiyya da Hanafiyya sun ɗauke ta a matsayin abin da ya keɓanta, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma suka kafa hujja da ita a kan halacci. Saɓani ne na malamai tun da daɗewa, ba abin da za a ɗaga murya a kansa a ƙofar gidan makoki ba ne. Ɗan'uwa ya bi abin da limamin gari da malamansa suke kai.

Abin da babu saɓani a cikinsa shi ne addu'a. Ya nemi wani daga cikin dangi ya raka shi maƙabarta, ya yi sallama ga mazauna ƙaburbura, ya tsaya wajen abokinsa, ya nema masa gafara da tabbata, ya kiyaye taka ƙabari ko zama a kansa. Sannan ya koma ya yi ta'aziyya. Malamai sun ce lokacin ta'aziyya kwana uku ne, don kada a riƙa tayar da mikin da ya fara warkewa, amma sun togace wanda ba ya gari: shi yana yin tasa duk ranar da ya iso.

Kogin Komadugu kansa yana da abin lura a nan. Ruwansa daga nesa yake tahowa, daga kogunan Haɗejiya da Jama'are, ya bi ta Gashuwa da Gaidam kafin ya iso Diffa ya wuce tafkin Cadi kusa da Bosso. Saboda wannan nisa, cikarsa takan zo ne bayan damina ta ɗauke. Amma da wannan ruwa da ya iso a makare ake shayar da gonakin tattasai da jama'ar kwarin suke rayuwa da shi. Haka zuwan aboki na nesa yake. Ranar farko gida cike yake da jama'a. Ranar da taro ya fara watsewa, tabarmi suka ragu, matar mamaci da 'ya'yansa suka fara jin girman abin da ya same su, a ranar ne isowar wanda ya ratso ƙasa don mahaifinsu take sanyaya zuciya.

Gyaran niyya kafin a shiga mota

Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya fita ziyarar ɗan'uwansa a wata alƙarya, Allah Ya ajiye masa mala'ika a kan hanya. Mala'ikan ya tambaye shi ko akwai wata ni'ima da yake bi a wajen wanda zai ziyarta, ya ce babu, yana son sa ne kawai saboda Allah. Sai mala'ikan ya yi masa bushara cewa Allah Yana son sa kamar yadda ya so ɗan'uwan nan dominSa. Abin lura, busharar a kan hanya ta same shi, tun bai isa ba. Wannan ziyarar rayayye ce, wanda zai iya tarbar baƙo ya rama alheri. Mai tafiya don wanda ya riga ya kwanta, ba zai gan shi ba balle ya gode masa, ya fi kusa da kuɓuta daga neman sakayya, in dai ya tsare zuciyarsa.

Tsarewar kuwa aiki ce, domin nafsu tana da ƙofofi. Wani yana tafiya don kada a ce bai zo ba. Wani don a ɗauki hotonsa a zauren makoki a watsa a Facebook. Wani yana ratsa ƙasa idan mamacin mai sarauta ne ko mai dukiya, amma idan manomin tattasai ne ko masunci sai ya wadatu da saƙon WhatsApp. Ya isa wa'azi a tuna da matar nan da take share masallacin Annabi (S.A.W). Ta rasu, aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an ƙanƙanta al'amarinta. Da ya tambaya aka gaya masa, sai ya ce a nuna masa ƙabarinta, ya taka da kansa ya je. Murid ya auna kansa da wannan kafin ya sayi tikiti: da abokin nan ba shi da kowa kuma ba wanda zai san an je, zai tafi?

Haka kuma kada ya ci bashin da ba shi da hanyar biya, ko ya bar iyalinsa babu abinci, don tafiyar da ba farilla ba ce a kansa. Ciyar da iyali wajibi ne, tafiyar ta'aziyya mustahabbi ce, kuma ba a rushe wajibi don a gina mustahabbi.

Salla da wuridi a kan hanya

Abin kunya ne mutum ya yi tafiyar kwana biyu don mutuwa ta yi masa wa'azi, sannan ya zubar da salloli a hanya. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi. Tafiyar da ta kai buridi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80 da 'yan kai, ana yin ƙasaru a cikinta, a mai da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, kuma a wajen Malikiyya sunna ce mai ƙarfi. An kuma yi rangwamen haɗa azahar da la'asar, da magariba da lisha, gwargwadon lokacin da mota take tsayawa. Ya kamata fasinjoji su yi magana da direba cikin ladabi tun a tasha game da wuraren tsayawa, kuma kowa ya riƙe butarsa da ruwa, musamman tsakanin Gure da Maine-Sorowa inda garuruwa suke nesa da juna.

Idan ya isa, hukuncinsa yana bin niyyarsa. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku zai cika salla tun daga isarsa. Wanda ya zo don kwana biyu ko uku yana nan a matsayin matafiyi, sai dai idan ya bi limami mazaunin gari, to sai ya cika tare da shi. Wanda kuwa Diffa ce garin zamansa na asali da bai yi ƙaura daga gare shi ba, ko yana da mata a can, da shigarsa ƙasaru ta yanke.

Game da wuridi, lazimi ba ya faɗuwa saboda tafiya. Matafiyi yana iya yin sa a zaune cikin mota idan yana da tsarki, ko da bai fuskanci alƙibla ba. Lokacinsa kuma yana da faɗi ga mai uzuri: na safe har zuwa faɗuwar rana, na yamma har zuwa fitowar alfijir, kuma wanda ya kuɓuce masa sai ya rama. Wazifa ma haka, sai dai Jauharatul Kamali tana buƙatar alwalar ruwa da wuri mai tsarki. Wanda bai samu waɗannan ba ya karanta Salatul Fatihi ƙafa ashirin a madadinta. Zikirin Juma'a kuwa ba a rama shi idan rana ta faɗi, don haka mai tafiya ranar Juma'a ya yi hailalarsa a kujerarsa bayan la'asar. Idan 'yan'uwa uku ne ko fiye suka tashi tare daga zawiyya ɗaya, su naɗa ɗayansu shugaban tafiya kamar yadda sunna ta koyar, ya riƙe kuɗin guzuri, ya kula da lokutan salla.

Idan hanya ta gagara

Ba a magana a kan kwarin Komadugu ba tare da ambaton jarrabawar da ta same shi ba. Tun ƙarshen 2014, da garin Damasak na jihar Borno ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, dubban mutane suka tsallako kogi zuwa ɓangaren Nijar. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, a cikin watan kuma hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fitar dare, aka taƙaita cinikin tattasai da kifi. An sake kai wa Bosso babban hari ranar 3 ga Yuni 2016, Tumur kuma a watan Disamba 2020. Ƙauyuka da yawa na bakin kogi sun tashi, mutanensu suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Ga kuma ambaliyar kogin, irin ta 2019 da ta 2022, wadda ta raba wasu da gidajensu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakar Nijar da Najeriya ta kasance a rufe har zuwa Maris 2024, alhali mutanen gaɓar nan biyu dangin juna ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce akwai 'yan'uwa da yawa da abokansu suke kwance a wuraren da ba a iya zuwa, akwai ma waɗanda ba a san inda ƙabarinsu yake ba. Hukuncin a nan a sarari yake: kiyaye rai wajibi ne, kuma ba a jefa shi cikin halaka don mustahabbi. Mai niyyar wuce garin Diffa zuwa ƙauyukan gabas ya tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki a ranar, ya bi umarnin hukuma, ya riƙe takardunsa na shaida, ya guji tafiyar dare da tafiya shi kaɗai, wadda dama sunna ta yi gargaɗi a kanta. Idan dangin mamaci da kansu suka ce kada ya ƙaraso, ya ji maganarsu. Yin gaban kai a irin wannan wuri ba tawakkali ba ne, kuma yana iya jawo wa gidan makoki makoki na biyu.

Wanda uzuri ya tsare kada ya ɗauka ya yi asara. A hanyar dawowa daga Tabuka, Annabi (S.A.W) ya ba sahabbai labarin wasu mutane da suka rage a Madina, waɗanda suke tarayya da su a ladan kowane kwari da suka ratsa, domin uzuri ne ya riƙe su. Ya kuma inganta a Muslim cewa addu'ar mutum ga ɗan'uwansa a bayan idonsa karɓaɓɓiya ce, akwai mala'ikan da yake cewa amin, yana roƙa wa mai addu'ar irinta. Sa'adu ɗan Ubada (R.A) ma mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan. Ya tambayi Annabi (S.A.W) ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa za ta amfane ta, sai ya ba da gonarsa sadaka dominta. Don haka wanda bai samu zuwa ba ya kira iyalan ta waya, ya aika musu da kuɗin motar da zai kashe, ya sanar da zawiyyarsa a yi wa mamacin addu'a bayan wazifa.

Abin da ya rage bayan gaisuwa

Imamu Gazali (ya rasu 505 bayan hijira, daidai da 1111) ya lissafa haƙƙoƙin 'yan'uwantaka guda takwas a cikin Ihya'u Ulumid Dini. Uku na ƙarshe su ne suka fi shafar wannan darasi: addu'a ga aboki a raye da bayan mutuwa, cika alkawari, da sauƙaƙa masa nauyi. Ya fassara cika alkawari da dawwama a kan ƙauna har mutuwa, sannan ci gaba da ita tare da 'ya'yan abokin da makusantansa.

Sauƙaƙawa tana farawa tun daga sauka. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abi Ɗalib (R.A) ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (S.A.W) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Sunna ke nan: a kai wa gidan mutuwa, ba a ci daga gare shi ba. Baƙon da ya zo daga nesa ya sauka a zawiyya ko gidan wani ɗan'uwa, ya riƙo abin da ya sawwaƙa na hatsi ko shinkafa ko sukari, kada ya zama sai an yanka masa dabba daga abin da ya riga ya zama dukiyar marayu. Taron addu'ar uku ko bakwai ko arba'in al'ada ce da malamai suka yi maganganu a kanta. Waɗanda suka halatta ma sun sharɗanta kada a taɓa rabon marayu, kada a ci bashi dominta, kada ta zama gasa.

Sai bashi. An kawo wa Annabi (S.A.W) wata gawa, da ya ji akwai bashi a kanta kuma ba ta bar abin biya ba sai ya ce sahabbai su sallace ta, har sai da Abu Ƙatada (R.A) ya ɗauki nauyin biya sannan ya yi mata salla. A kwarin Komadugu manomi yakan karɓi taki da man injin ban-ruwa bashi, da alkawarin biya idan an tsinke tattasai, kuma mafi yawan irin wannan ciniki da baki ake ƙulla shi, wani da sefa wani da naira. Sau da yawa aboki ya san abin da mata da 'ya'ya ba su sani ba. Wajibinsa ne ya keɓe da babban magaji ko limamin unguwa ya faɗi abin da ya sani, na abin da ake bin mamacin da na abin da yake bi, domin ba a rabon gado sai an fitar da kuɗin sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya daga sulusi. Idan shi kansa yana bin mamacin kuma yana da hali, yafewa a wannan rana tana daga mafi kyawun abin da zai kai masa. Idan ajiya ce a hannunsa, ya mai da ita gaban shaidu.

Sai iyali. Matar mamaci za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuma har ta haihu, kuma a cikin wannan lokaci gona ba ta jiran kowa. Kafin aboki ya juya, ya san wa zai kula da ban-ruwa, wa zai biya wa yara makaranta, wane malami ne yake riƙe da allonsu. Annabi (S.A.W) ya kasance yana yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Hadiza (R.A) shekaru bayan rasuwarta. Abdullahi ɗan Umar (R.A) ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, da aka yi mamaki sai ya ce mahaifin mutumin abokin Umar ne. Ga ma'aunin da za a gane tafiyar da aka yi don Allah: bayan shekara ɗaya, marayun nan suna jin muryar abokin mahaifinsu ko ba sa ji?

Tanbihi

Wasu sabbin shiga ɗariƙa sukan rikita sharaɗin barin ziyarar waliyyai da wannan babi. Abin da aka hana murid shi ne ziyarar neman madadi da ta'allaƙa da wani shehi. Sada zumunci, gaida mara lafiya, raka jana'iza, ta'aziyya, da yi wa musulmi sallama da addu'a a maƙabarta, duk haƙƙoƙin Musulunci ne da ɗariƙa ta zo ta ƙarfafa. Babu bambanci ko abokin Batijjane ne, ko Baƙadire, ko wanda ba ya ɗariƙa, ko ma wanda suka sha muhawara da shi a kanta yana raye. Babarbare ne, ko Bafillace, ko Batube, ko Bahaushe, haƙƙin ɗaya ne. Murid da ya zauna a makokin wanda ya saɓa masa, ya kame harshensa, ya yi addu'a da gaskiya, ya wakilci Shehinsa fiye da mai dogon jayayya.

Idan an gama abin da aka zo yi, sai a koma. Sunna ta siffanta tafiya da yanki na azaba, ta kuma hori wanda ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ya koma da lambar wayar babban ɗan mamacin, da sunan abokinsa cikin waɗanda yake ambata bayan kowane wuridi, da sanin cewa wata rana shi za a kira wani a gaya masa labarinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na Diffa da Bosso da Maine-Sorowa da Ngigmi da duk gaɓar Komadugu biyu, waɗanda aka san ƙaburburansu da waɗanda Shi kaɗai Ya san inda suke. Allah Ya raya marayunsu, Ya ba matansu haƙuri, Ya mai da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya tsare matafiya, Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya sa a cika da imani, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Allah ne Mafi sani.